Muryar Aro da Makomar Ma'ana: Tarken Faifan My Life in the Bush of Ghosts

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairun 1981 ne Brian Eno, mutumin Ingila, da David Byrne, jagoran ƙungiyar Talking Heads ta Amurka, suka fitar da faifansu na farko su biyu. Sun aro sunansa daga littafin da marubucin Nijeriya Amos Tutuola ya wallafa a 1954. Ba su rera baitoci da bakinsu ba. Muryoyin wasu suka tsinto daga rediyo da tsofaffin faya-fayai, suka ɗora a kan kiɗa. Manufar wannan takarda ita ce duba abin da ke samun magana idan aka raba ta da mai ita da kuma muhallinta.

2.0 Zubi da Tsari

A lokacin, na'urorin yankar sauti na kwamfuta ba su yaɗu ba, don haka da tef suka yi aikin, suna gwada kowace murya a kan kiɗa har ta zauna. Kiɗan kansa maimai ne na ganguna da jita, kuma tasirin Fela Kuti a fili yake. A "Help Me Somebody" an ɗora wa'azin Rabaran Paul Morton na New Orleans. A "The Jezebel Spirit" muryar wani mai fitar da aljanu ce daga New York. A "Regiment" kuwa, Dunya Yunis ce ta ƙasar Labanan, wadda Poul Rovsing Olsen ya ɗauki muryarta a Beirut a 1972.

3.0 Inda Faifan Ya Yi Nasara

Dole a yaba wa kunnen waɗannan makaɗa. Sun gane cewa maganar baka tana da nata rauji. Wanda ya saurari "Help Me Somebody" zai ji yadda numfashin mai wa'azi da hawa da saukar muryarsa suke tafiya daidai da bugun ganga, kamar tare aka yi su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kalangu yana kwaikwayon karin magana har a gane kirarin da yake yi. Bambancin shi ne, a nan magana ce aka mayar ganga.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Muryoyin faifan ba matsayi ɗaya aka ba su ba. Na Ingilishi an bar su da ma'anarsu, mai sauraro a Landan yana jin abin da mai wa'azi ke faɗa, har ya yi masa hukunci. Na Larabci kuwa amo kawai aka ɗauka, aka yi amfani da su kamar sarewa ko goge. Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa mai sauraro ba ya jin harshen.

Wannan zato ya rushe a kan wani yanki da suka sa wa suna "Qu'ran", inda aka ɗora karatun Alƙur'ani na wasu mutanen Aljeriya a kan kiɗa. Majalisar Musulunci ta Birtaniya ta yi ƙorafi, aka cire shi, aka maye gurbinsa da "Very, Very Hungry". Ko da aka sake fitar da faifan a 2006 ba a mayar da shi ba. Ita ma Dunya Yunis sai bayan fiye da shekara 30 ta san cewa muryarta ta zaga duniya. Masu iya magana sun ce, kayan aro ba ya rufe katara.

5.0 Darasi Ga Ɗalibin Harshe

A ɗauka wani ɗalibi ya shiga Zangon Kwatano da wayarsa yana ɗaukar sauti. Cikin awa guda zai tara kiran salla daga babban masallacin Zango, da ƙarar 'yan acaɓa, da tallar mai koko, da ciniki cikin Hausa da Dandanci da Yarabanci da Faransanci. Ga baƙo, duk wannan amo ne mai daɗi. Ga mazaunin unguwar kuwa, kowace murya tana da mai ita da wanda ake faɗa wa, kuma ya san wadda ba a yi mata kiɗa.

Akwai kuma matsalar karin sauti. Kalmar "wuya" ta jiki tana da karin sama-ƙasa, ta wahala kuma ƙasa-sama. Idan mai haɗa kiɗa ya lanƙwasa muryar Bahaushe don ta dace da kiɗansa, yana iya sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, alhali shi mai haɗin bai sani ba.

6.0 Kammalawa

Faifan Eno da Byrne aiki ne na gwaninta, kuma ya cancanci a saurare shi a ajin nazarin waƙa. Sai dai ya nuna cewa kunne mai kaifi ba ya wadatarwa idan babu sanin harshe. Ɗalibin da zai fita ɗaukar muryoyi ya nemi izini, ya rubuta sunan mai magana da wuri da rana, ya kuma tabbatar ya fahimci abin da aka faɗa kafin ya yanka.