Masoya Da Sarƙewar Kubit

Wasu marubutan labaran soyayya sun samo sabon ado. Sai su ce zukatan masoya sun sarƙe irin sarƙewar kwantum, babu nisa ko maƙiyin da zai raba su. Da daɗin ji, amma rigar aron nan ba ta zauna ba.

Batun nisa dai suna da hujja: a 2017 tauraron ɗan'adam na Sin, Micius, ya aika ƙwayoyin haske sarƙaƙƙu zuwa tashoshi biyu masu tazarar kilomita 1,200. To ƙarko fa? Kubit biyu da suka sarƙe sun fi ɗanyen ƙwai rauni. Ɗan zafi ko girgiza daga kewayensu kan warware su, shi ya sa ake sanyaya injinan Google da IBM har su fi sararin samaniya sanyi. A 2004 Yu da Eberly suka nuna sarƙewar tana iya mutuwa murus cikin ƙayyadadden lokaci. Wa zai so a kwatanta aurensa da wannan?

Abin takaicin ma, sun bar ɓangaren da ya fi armashi. A 2002 Daniel Braun ya nuna kubit biyu da ba ruwansu da juna suna iya sarƙewa don kawai muhalli ɗaya suke ciki. Littattafan nan kullum dangi da unguwa ne mugaye. Alhali duk wanda ya san Rood Woko ya san auren da maƙwabtakar rumfa ta ƙulla, cikin hayaniyar da ke hana ka jin mai ciniki.