Taswirar cutar da ke kwance a ƙasar gona

A 2016 mujallar Nature Microbiology ta buga binciken Direk Limmathurotsakul na Jami'ar Mahidol da ke Tailan da abokan aikinsa kan cutar meliyoyidosis. Tambayarsu ɗaya ce: ina da ina wannan cuta take, ko da ba a taɓa rubuta sunanta a can ba?

Ƙwayarta, Burkholderia pseudomallei, a ƙasa da ruwa take zaune. Takan shiga jikin manomi ta rauni a ƙafa, ko ta numfashi, ko ruwan sha, kuma ta fi kama masu ciwon suga. Alfred Whitmore ne ya fara bayyana ta a Rangun ta ƙasar Bama, fiye da shekara ɗari da suka wuce, amma har yau likita kan ɗauke ta a matsayin tarin fuka ko wani zazzaɓi, ya ba da maganin da ba ya taɓa ta.

Masu binciken sun tattara rahotannin 1910 zuwa 2014, suka gwama su da yanayin ƙasa, zafi da ruwan sama, suka zana inda ƙwayar za ta iya rayuwa. Ƙiyasinsu: mutum 165,000 ke kamuwa a shekara, 89,000 na mutuwa. Suka ce akwai ƙasashe 34 da wataƙila cutar na cikinsu ba a taɓa ba da rahoto ba.

Nan ne aikin ya burge ni. Sun ƙi yarda cewa shirun asibiti lafiya ce. Inda babu ɗakin gwajin da zai raino ƙwayar daga jini, mutum zai rasu a ce ajali, takarda kuma ta nuna babu cuta. Wannan taswira ta mai da wuraren da babu rahoto abin tuhuma.

Gaskiya, ƙiyasin masu kamuwa na da faɗi, daga 68,000 har 412,000, kuma ya jingina sosai kan bayanan Tailan da Ostareliya. Marubutan ba su ɓoye hakan ba, na kuma yaba musu.

Lokaci ya fara gaskata su. A 2022 aka gano ƙwayar a ƙasar jihar Misisifi ta Amurka. A Najeriya ma, wadda taswirar ta nuna da yatsa, an same ta a samfurin ƙasar gonakin shinkafa da aka ɗiba a 2019. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci ba.