Tafiya Biyu a Hanya Ɗaya: Nazarin Littattafan Yara da Labaran Al'ajabi

Littafin yara mai hotuna shi ne wanda zane da rubutu suka raba aikin ba da labari a tsakaninsu, ta yadda in aka cire ɗaya labarin ya gurgunce. Labarin al'ajabi kuwa shi ne mai dodo da aljani da dabba mai magana. A wajen Bahaushe dukansu jikokin tatsuniya ne, kuma sun gaji zargin da ake yi mata, cewa ƙarya ce mai cinye lokacin karatu. Masu kare su sukan ce ai akwai darasi a ciki. Wannan kariya ba ta da ƙarfi, domin in darasi kaɗai ake nema, wa'azin minti biyu ya wadatar, kuma babu yaron da ya taɓa roƙon a maimaita masa labari don darasinsa.

Tarihin abin a rubuce gajere ne. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu cike suke da aljanu da tafiye-tafiyen mamaki. Daga 1937 Imam ya fara fitar da Magana Jari Ce, inda aku yake riƙe Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare har makircin Waziri ya wargaje. Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. A Cadi, Joseph Brahim Seid ya rubuta tatsuniyoyin ƙasarsa da Faransanci a 1962.

Abin da ya sa waɗannan labarai suka cancanci karatu yana cikin gininsu, kuma babu inda ginin ya fi fitowa fili kamar tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda littafin Imam ya yi tarayya da ita a suna amma ba a labari ba. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, ana tura 'yar bora ta je ta wanke shimfiɗa a ruwan Bagaja. Tana tafe tana cin karo da koguna na abinci, kowanne ya yi mata tayi, ita kuwa ta wuce. Ta isa wata bukka inda cinya take gurnani kare yana fassarawa, ba ta yi dariya ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi ta dafa, ta dafa ba musu, tukunya ta cika. Da za ta koma aka ba ta ƙwai tare da sharaɗi: kada ta fasa a inda aka amsa mata, sai a inda ta ji shiru. Ta kiyaye, ta dawo da dukiya.

Sai mai tatsuniya ya sake ɗaukar hanyar tun daga farko, wannan karon da 'yar mowa. Kogunan nan su ne dai, cinya da kare suna nan, ƙwayar shinkafar ba ta ƙaru ba. Wanda bai san sirrin ba zai ga maimaici ne kawai na cika dare. Amma yaron da ke saurare ya riga ya bi hanyar sau ɗaya, saboda haka yanzu ya fi yarinyar da ke cikin labarin sani. Kafin ta kai hannu ga abincin kogi ya san kuskure ne. Kafin ta fasa ƙwan a wurin hayaniya gabansa ya faɗi. Yana riƙe da ƙa'ida a ka, yana auna kowane taki da ita, yana hasashen abin da zai biyo baya, sannan labarin ya tabbatar masa. Wannan shi ne ainihin aikin mai karatu, kuma yaro yana koyonsa tun bai san baƙi ba. Shi ya sa al'ajabi mai kyau ba ya zuwa babu doka. Cinya tana iya magana, amma sharaɗin ƙwai ba ya canzawa don 'yar mowa ce ta zo. Marubucin da ya bar layar jaruminsa tana warware kowace matsala a duk lokacin da ya ga dama ya ƙwace wa yaro damar hasashe, kuma yawan aljanun da ya zuba ba zai maye gurbinta ba.

Littafi mai hotuna ya ɗauki dabarar nan ya damƙa wa zane. A Rosie's Walk na Pat Hutchins, wanda ya fito a 1968, rubutun bai wuce jimla ɗaya ba, game da kaza da ta fita yawo ta dawo gida. Ko sau ɗaya bai ambaci yanyawar da ke bin ta a baya ba, sai a hoto ake ganinta tana daka tsalle tana faɗawa cikin wahala. Babba yana karanta kalmomi, yaro yana ganin abin da kalmomin suka ɓoye, shi ke nan ya zama mafi sani, kamar mai sauraron tafiyar 'yar mowa. Hoton da kawai ya maimaita abin da rubutu ya faɗa ado ne, kuma da yawa daga littattafan firamare a nan suka tsaya.

Inda wannan batu ya fi nauyi shi ne wuri irin Ngueli, unguwar N'Djamena da ke bakin gadar kogin Logon, wadda ake hayewa zuwa Kusuri ta Kamaru. Ta nan kayan da suka taso daga Najeriya ta Gamboru suke shiga birnin. Ɗan Bahaushe a irin wannan unguwa yana jin Hausa a gida, Larabcin Cadi a kasuwa, a makaranta kuma Faransanci ko Larabci, harsunan hukuma biyu na ƙasar. Yaro mai wannan hali yakan riski littafi a harshen da bai gama mallaka ba. Littafin da ya dogara ga dogon bayani zai tsaya masa a wuya. Wanda aka gina a kan maimaici da sharaɗi da hoto mai faɗin nasa labarin kuwa zai buɗe masa, domin ya san ginin tun daga bakin kakarsa, kuma jimlar da ta dawo sau uku takan zauna a ka ko da baƙon harshe ce.

Saboda haka mai son yi wa yaran Ngueli littafi ba ya bukatar jiran sabon labari. Tatsuniyar ruwan Bagaja a shirye take: rabin farko tafiyar 'yar bora, in an kai rabi a sake zana wuraren nan ɗaya bayan ɗaya da 'yar mowa a ciki, rubutun Hausa layi guda a ƙasa, Faransanci ko Larabci a gefensa, a bar wa mai zane cinya da kare.