An Raɗa Mata Suna, An Bar Ta A Ƙofar Masallaci

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kam sai na amayar da shi.

Wata maƙwabciyata Bamagujiya ta karɓi Musulunci a masallacin Juma'ar unguwarmu. Ranar ba a magana. Kabbara ta ko'ina, liman ya laƙƙana mata kalmar shahada, aka raɗa mata suna, aka yi karo-karo aka saya mata hijabi da turmin atamfa. Shi ke nan fa. Bayan wata takwas na shiga yi mata barka, sai ta ja ni gefe cikin kunya, wai "Yaya, yaushe mai jego take komawa salla, kuma yaya ake wankan?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ashe Fatiha ma a kunne ta tsinta, rabi da rabi.

To wa za ta tambaya? Karatun Ahalari da Ishmawi da ake yi tsakanin magariba da lisha na maza ne. Islamiyyar matan aure kuwa an yi nisa, ita ko alif ba ta sani ba. Sau biyu ta je, aka yi ta nuna ta ana cewa ga tubabbiya, ta janye jikinta. Ni ma ban wanke kaina ba, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ba haka masallacin Manzon Allah (SAW) yake ba. Da mutanen Saƙifa suka zo Madina a shekara ta 9 bayan hijira, a masallaci aka kafa musu tanti don su ji Alƙur'ani, su ga yadda ake salla. Mata suka roƙi a ware musu ranar karatu, aka ware. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda ake lallashin zukatansu cikin masu rabon zakka. Nan gida ma, jajisan Nana Asma'u ƙauye-ƙauye suke bi suna koyar da mata.

Na sa maigidana ya yi wa kwamitin masallaci magana, a samo malama guda saboda sababbin Musulmi. Aka ce kuɗin asusu na tayil ne da sabuwar lasifika. Yanzu dai kullum bayan la'asar tana shigowa da jaririnta a goye. Jiya muka kai Ƙulhuwallahu.