Takobin Conan a Hannu Biyu

A Hunkuyi, kamar yadda yake a Kudan da Makarfi da Ikara, fim ba ta silima yake shigowa ba. Ta shagon caji yake zuwa, inda ake tura wa mutum a waya ko a memori ya tafi gida da abinsa. In ka tsaya bakin irin wannan shago da yamma, lokacin da samari suka dawo daga gonar rake, za ka ji abin da aka fi tambaya shi ne "na yaƙi". Na yaƙin kuwa kashi-kashi ne: akwai na bindiga, akwai na Canis, akwai kuma na takobi da tsafi, wanda ake ɗauko jarumi a sa shi a wani zamani da babu shi a tarihi, a haɗa shi da boka ko azzalumin sarki, a ce su gwada ƙwanji.

Uban wannan rukuni a ƙasashen Turai da Amurka shi ne Conan. Wani matashin marubuci ɗan jihar Texas, Robert E. Howard, ya ƙago shi a 1932 a mujallar Weird Tales, kuma bai daɗe ba ya mutu a 1936 yana ɗan shekara 30. A 1982 John Milius ya mayar da labarin fim, ya ba Arnold Schwarzenegger takobin, wato mutumin da mu nan muka fi sani da Kwamando. A 2011 kuma Marcus Nispel ya sake shirya shi da Jason Momoa, aka kashe kimanin dala miliyan 90, kasuwa ta ƙi karɓa, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Faɗuwa a kasuwa ba ita ce hukunci ba, kuma sabon fim ɗin yana da abin yabo. Conan na Howard ba gungumen ƙato ba ne mai nauyin baki. Ɓarawo ne, ɗan fashin teku, mai zafin nama da wayo, wanda daga baya har sarauta ya yi. Momoa ya fi Kwamando kama da wannan siffa. Yana tafiya kamar damisa, takobi kuma ya zauna masa a hannu. Farkon fim ɗin ma ya ginu. Akwai wurin da ake gwada yaran ƙauye: kowa a sa masa ƙwai a baki, ya zagaya tsauni a guje ya dawo bai fasa ba. Maƙiya suka tare su a daji, sauran yara suka juya, Conan ya kutsa shi kaɗai. Da ya dawo gaban mahaifinsa sai ya zube kawunan da ya sare, sannan ya tofo ƙwan, lafiyarsa ƙalau. Nan an nuna mana halin yaron gaba ɗaya ba tare da dogon surutu ba, kuma Bahaushen da ya san shaɗi ko tashin maza a fagen farauta zai gane irin wannan gwaji nan take. Haka faɗansa da mayaƙan yashi, waɗanda matsafiya Marique ta taso daga ƙasa, ya yi kyau a ido.

Daga nan ne abin ya fara zubewa. Jini ya yi yawa har ya daina nufin komai. Tun a fagen fama aka farke cikin uwa aka ciro jaririn, aka yanke wa wani hanci, aka fasa kawuna ba adadi, kowane sara da feshin jan ruwa na kwamfuta. Kafin a kai tsakiya mai kallo ya ƙoshi, mutuwa ta zama kamar kiɗan da ake yi a bayan fage. Duba yadda Milius ya yi da mutuwar uwa a 1982. Tana tsaye cikin dusar ƙanƙara, takobi a hannu ɗaya, ɗanta a ɗayan. Thulsa Doom, wanda James Earl Jones ya fito a matsayinsa, ya zuba mata ido shiru har ta sauke makami. Ya juya kamar zai tafi, sai ya kai sara. Kyamara na kan yaron, muna ganin hannun uwar yana zamewa daga nasa, shi kuma yana kallon tafinsa. Babu wanda ya ce uffan, kiɗan Basil Poledouris ne ke magana. Wannan sara guda ya fi duk na 2011 nauyi, domin an bar mu mun ji abin da aka rasa.

Wannan bambanci ba na ado ba ne kawai a wurinmu. Wayar da aka tura wa fim ɗin hannun ƙanne take komawa da dare, yara biyar ko shida a kan allo ɗaya. Muna jihar da mutanen Giwa da Birnin Gwari suka san harin 'yan bindiga ba a labari ba, garuruwanmu kuma sun san sara-suka. Ba na cewa fim ne ke haifar da ɗan daba. Talauci da ƙwaya da zaman banza sun riga shi. Amma fim ɗin da ke nuna kisa da zafinsa da makokinsa daban yake da wanda ke nuna shi kamar yankan kabewa, kuma na biyun ne nake jin tsoron yaro ya saba da shi.

Aibu na biyu shi ne tsafin. Mugun da ke cikin sabon fim ɗin, Khalar Zym, ya ƙare rayuwarsa yana harhaɗa gutsattsarin wani abin rufe fuska na mutanen Acheron, ya ƙone garuruwa dominsa, ya yi farautar yarinya mai tsarkin jini don ya tayar da matarsa. Da abin ya kammalu ya ɗora a fuska, sai ba mu ga ya tsinana masa komai ba; faɗan ƙarshe da takobi aka yi shi kamar kowane faɗa. Wanda ya tashi inda ake kiɗan tauri ba zai yafe wannan ba. A tunanin Bahaushe kowane asiri da aikinsa, da sharaɗinsa, da makarinsa. Tauri na hana ƙarfe ci, sagau na sandarar da hannun mai sara, kau-da-bara na kautar da harbi, baduhu da layar zana na ɓoye mutum. Ko ka yarda da su ko ka ɗauke su camfi, a cikin labari doka ce da su, kuma daɗin labarin shi ne jiran ranar da za a gano lagon mai su. Thulsa Doom na 1982 yana rikiɗa maciji, amma ba nan ƙarfinsa yake ba. Ya ɗaga kai ya kira wata yarinya cikin mabiyansa da tattausar murya, ta faɗo daga kan dutse ta mutu don kawai ya kira ta. Wannan tsafi ne da muka san irinsa a zahiri, na shugaban da ya mallake zukatan jama'a.

Sake tsohon labari kuwa ba laifi ba ne, mu ma mun yi, kuma nan kusa da mu a Zariya aka buga. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin jarumin Rasha Ilya Muromets ya samo tushe. Sarki Waldima da birnin Kib su ne Vladimir da Kiev. Kamar yadda yake a asalin labarin, Ingawa ya sa jarumin ya fara da shekaru a zaune ba ya iya tafiya, ya ba shi doki Ƙwalele da har yau ake ambatonsa a hira, ya kuma ajiye masa Wargaji wanda ya fi shi ƙarfi, don ya san akwai na gaba da shi. Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, ya fara da yaƙin gaske da Turawa a Kwantagora kafin ya shiga duniyar aljannu, kuma kirari ne ke riƙe da shi. Jarumin Hausa ba ya zare takobi sai ya faɗi ko shi wane ne, kamar yadda ɗan tauri ba ya shiga fage sai makaɗi irin Kassu Zurmi ya taɓo shi. Conan na 2011 ba shi da wannan jinkiri. Daga wannan faɗa sai wancan.

Irin wannan gaggawa ce ta taɓa fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta fitar a 2021, Lucy Ameh a matsayin sarauniyar, tare da Ali Nuhu. An kashe kuɗi, dawaki da filayen yaƙi sun fito da kyau, har ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022. Sai dai mu mutanen ƙasar Zazzau mun zauna muna jin 'yar Bakwa Turunku tana yi wa fadawanta Turanci, ana kuma faɗan fage irin na Rumawa. Alhali littafin tarihin Kano ya kawo cewa ikonta ya kai Kwararrafa da Nupe, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ga ganuwoyin da ake jingina mata a garuruwa da dama, ga Turunku da kufanta, ga Atagara inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ce a can ta rasu. Macen da ta mayar da yaƙi hanyar goro da fatauci, ta kewaye sansani da ganuwa duk inda ta sauka, ta fi ƙarfin a taƙaita ta a iya juya takobi, kuma wannan ɓangare nata fim ɗin bai ɗauko shi ba.