Tuddan Siyena: Ido Ya Sha Kallo

Duk wanda ya je birnin Siyena na ƙasar Italiya ya tsaya a cikin gari kawai, ya ɗau hoto a dandalin Campo ya koma, to ya ci tuwo ne babu miya. Garin ba shi da makusa. Dandalin nan mai siffar kwanon da aka raba biyu, inda ake tseren dawakin Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, ya isa ya sa mutum ya saki baki. Unguwanni 17 ne a garin, goma ke shiga kowane tsere, kuma doki zai iya lashe gasar ko da mahayinsa ya faɗi! Amma wallahi abin da ya hana ni barci yana bayan gari, a kan tuddan yankin Tuskani.

Na ɗauki hayar ƙaramar mota na nausa kudu. Ban yi nisa ba sai ga Crete Senesi, tuddan yumɓu masu launin toka, suna hawa suna sauka kamar an shimfiɗa tabarma a kan tulin hatsi. Can bisa tudu sai ka hango gida ɗaya tilo, da layin itatuwan saifires dogaye siraran nan tsaye cak kamar dogarai a bakin fada. Na tsaya sau nawa? Na daina ƙirgawa. Hanyoyin burji farare da ke ratsa gonakin su ne waɗanda masu tseren keke na Strade Bianche ke bi tun 2007, har su ƙare a dandalin Campo fuskokinsu fari fat da ƙura. Ni ma motata haka ta koma, ban kuwa damu ba.

Pienza kuwa, kai, Pienza! Ƙauye ne da ake kira Corsignano, inda aka haifi Fafaroma Pius na Biyu. Da ya hau mulki sai ya ce mahaifarsa ba za ta zauna haka ba, ya sa magini Bernardo Rossellino ya sake fasalinta daga 1459, aka kuma raɗa mata suna daga sunansa. Garin ɗan mitsitsi ne, a ƙafa za ka ratsa shi kafin shayinka ya huce. Tun daga ƙofa ƙamshin cukun tumaki, wanda suke kira pecorino, ke tarbar mutum. Wani ɗanye mai laushi, wani an ajiye shi wata da watanni har ya yi tauri yana ɗan cizon harshe. Na saya, na ci, na koma na ƙara saye. Daga bayan babban cocin ka leƙa ƙasa, kwarin Orcia ne gaba ɗaya a gabanka, Dutsen Amiata yana can nesa. Ba banza UNESCO ta sa kwarin cikin kayan tarihin duniya a 2004 ba. A gonakin nan ne aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Gladiator.

Kusa da nan akwai Bagno Vignoni, garin da tsakiyarsa ba fili ba ne, tafkin ruwan zafi ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Da sanyin safiya tururi ke tashi a tsakanin gidajen dutse. Matafiya masu bin tsohuwar hanyar Francigena zuwa Roma sun daɗe suna yada zango a nan.

Washegari na juya arewa. Monteriggioni na zaune bisa tudu, ganuwarta a zagaye da hasumiyoyi 14. Mutanen Siyena ne suka gina ta wajen 1214 don tsaron kansu daga Florence, abokiyar gabarsu. Duk wanda ya tashi a gindin ganuwar Kano ko ta Zariya zai gane abin nan take. San Gimignano ma ta cancanci ziyara. Attajiranta sun yi ta gasar gina hasumiya har aka ce hasumiyoyin sun kai 72, yau saura 14. Sai dai cunkoson baƙi ya yi yawa da rana. Ka je da sassafe ko ka bari sai la'asar sakaliya.

Abinci fa? Taliyar pici, mai kauri, murjin hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa da suke kira aglione. Faranti biyu na share ba kunya. Ɗan'uwa Musulmi dai ya riƙa tambaya kafin ya ci, don naman alade da na gadu sun yi yawa a girkinsu, yankin kuma ya shahara da giya, musamman Montalcino. Wannan ba tawa ba ce. Man zaitun ɗinsu a kan gasasshen burodi ya ishe ni.

Kwana huɗu na yi niyya, na yi bakwai. Ranar da zan tafi, na tashi da asuba na koma kan hanyar Pienza, na jira har hazo ya yaye daga kwarin, sannan na tada mota.