Ƙawancen Zamfarawa da Jama'ar Shehu a Ma'aunin Infaƙul Maisuri

Duk wanda ya nazarci Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya wallafa a 1812, zai yaba da yadda ya tsara labarinsa. Amma kada mu manta cewa marubucin yana cikin jagororin yaƙin da yake ba da labari. Zamfarawa sun karɓi jama'ar Shehu a 1805 saboda tsohuwar gabarsu da Gobir, wadda ta ci Birnin Zamfara tun zamanin Babari. Da yunwa ta sa rundunar jihadi ta faɗa wa rumbunansu, sai ƙawancen ya wargaje, daga baya kuma sarautar Zurmi ta tabbata a hannun Alibawa, dangin Namoda.

Irin wannan haɗin gambiza ne Chiang Kai-shek da Mao suka yi a ƙasar Sin a 1937 don yaƙar Japan, har suka gwabza da juna a 1941. Sai dai a can kowane ɓangare ya kafa hukumarsa ya rubuta nasa tarihin. A nan kuwa littafin wanda ya ci nasara shi muka fi karantawa. Muna ganin kuskure ne manazarci ya kira Zamfarawa maciya amana bisa shaidar abokin shari'arsu kaɗai, alhali bai zauna da dattawan Kasuwar Daji da Shinkafi ya ji ta bakinsu ba.